Wa Zai Yi Wa Mai Kirarin Kansa Liƙi?

Yayata ba ta kama sunan ɗanta na fari, don haka da ta bugo waya ta ce, "Ka zo ka ga abin da yaron nan yake shirin jawo mana," na san wanda take nufi. Na iske ta a tsakar gida a unguwar Jahun, nan garin Bauchi, da wani littafin rubutu mai jan bango a cinyarta, ta riƙe shi kamar wadda ta kama ƙulli a aljihun yaro. A ƙarƙashin katifarsa ta tsinto shi. Ya fi shafi 40, duk baitoci, wasu an soke an sake, wasu an ja musu layi biyu. Yaron shekararsa 19. Ya zana jarabawar shiga jami'a sau biyu bai samu gurbi ba, yanzu yana koyon gyaran waya a wajen Wunti. Ashe ɗan abin da maigidansa ke sallamarsa da shi, situdiyo yake kaiwa.

"Duk zuri'armu babu maroƙi," in ji ta. "Kai ne kawunsa, sai ka gaya masa."

Da na keɓe da shi bai yi mini gardama ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa, can ya ce, "Kawu, ni fa ba roƙo nake yi ba. Ice Prince ma a Jos ɗin nan ya fara, wa ya roƙa?"

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta biyo ni har gida. Uwar ta ce roƙo, ɗan ya ce ba roƙo ba. Na daɗe ina jin cacar baki a kan gambarar zamani, wato waƙar rap ko hip-hop, a rediyo da majalisa da Facebook, kullum a kan wando da askin kai da tarbiyya ake tsayawa. Ni kuwa a ganina inda gizo ke saƙar shi ne wannan kalma ta roƙo, domin ita ce ke nuna wanda ke biyan mawaƙi a ƙasar Hausa, da wanda ba ya biya.

Bari in fara da mutumin da yaron ya kafa hujja da shi. Sunansa na gaskiya Panshak Zamani. An haife shi a Minna a 1986, aka koma da shi Jos yana ƙarami, can ya tashi. Ya fara rubuta baitoci wajen 1999, shekarar da Shata ya rasu, kuma waƙar da ta fito da shi duniya ta san shi, wato Oleku, sai a 2010 ta fita. A lissafa, shekara 11 ke nan. Yaranmu suna ganin ƙarshen labarin, sarƙa a wuya da mota da jirgi, ba sa ganin shekarun da ya yi yana hawa dandamalin makarantu, yana shiga ƙungiyar samari tana watsewa, har ya haɗu da mawaƙi M.I Abaga da ƙaninsa Jesse Jagz, mawaƙi mai haɗa kiɗa, wajen 2004 suka zama 'yan ɗaki ɗaya a harkar. M.I ne ya fara fasa ƙofa da kundinsa na 2008, sannan na baya suka bi. A 2009 Ice Prince ya ci wata gasa a Legas wadda kamfanin barasa na Hennessy ya ɗauki nauyinta. A riƙe wannan, zan dawo kansa. A 2011 ya saki kundinsa na farko, a 2013 aka ba shi lambar yabo ta BET a Amurka a matsayin gwarzon mawaƙin Afirka, a 2015 ya zama mataimakin shugaban kamfanin da ya raine shi, Chocolate City.

Wannan kamfani ma jinin Jos ne a jikinsa. Audu Maikori, lauyan da ya jagoranci kafa shi a 2005, a Jami'ar Jos ya karanta shari'a, kuma mawaƙin farko da suka ɗauka, Jeremiah Gyang, da Hausa ya yi waƙar da ta fito da shi. Wato akwai lauya mai rubuta yarjejeniya, akwai mai haɗa kiɗa a cikin gida, akwai yaya da ya riga ya san hanya, akwai kuma gari mai ɗalibai da wuraren casu inda yaro zai gwada muryarsa a yi masa ihu ko a jefe shi da leda. Jos ta fitar da P-Square, a can aka haifi 2Baba, kuma tun kafin su tana da Ɗan Maraya da kuntiginsa. Tsakaninmu da ita kilomita 130 ne ko kusa da haka, mota ba ta cika awa biyu ba in hanya ta yi kyau, amma a wannan fanni kamar wata ƙasa ce.

Na tuna 2010 sarai. Shekarar da rikicin Jos ya sake ɓarkewa ce, a Janairu da Maris, mutane suka kwararo Toro da Tilden Fulani da ƙullin kayansu a ka. A ƙarshen wannan shekarar kuma babu shagon aski ko na cajin waya a Yelwa da Gwallameji da ba a jin muryar wannan yaro ɗan Jos. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne sunan waƙar kansa kalmar Yarabanci ce, kuma Brymo, wanda ya yi amshin, Bayarabe ne ɗan Legas. Da amshin Yarabawa ɗan Filato ya buɗe ƙofar kasuwa. Sai da ya zauna daram, a 2012, ya saki waƙar da ya kira Aboki.

Duk wanda ya taɓa zama a Kudu ya san nauyin wannan kalma a bakin wasu. Mu nan aboki masoyi ne. Can kuwa, in aka ce maka aboki, sau da yawa mai gadi ake nufi, ko mai shayi, ko mai yankan farce, ko dai wanda ake ganin kansa bai waye ba. Shi kuma ya ɗauki kalmar ya sa mata babbar riga da hula, ya mai da ita abin tinƙaho, har 'yan Legas ɗin suna rawa da ita. Ranar mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Nan take muka ce namu ne. Mutumin da ba Bahaushe ba, ba Musulmi ba, wanda da a unguwarmu ya tashi da littafin baitocinsa da tuni an kira kawunsa, shi ne ya zama namu, saboda Legas ta riga ta buga masa hatimi. Mun iya karɓar ɗan da aka yaye. Goyon ne ba ma so.

To, me ya sa ba ma so? Amsar da aka saba bayarwa ita ce gambarar zamani baƙuwa ce, daga unguwar Bronx ta birnin New York ta taso a 1973, ba ta dace da al'adarmu ba. Asalinta kam haka ne. Amma wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji ɗan dambe ya ɗaga hannu yana zuba kirari, ko ya ji mafarauci yana koɗa kansa, ko ya saurari yadda Shata ke wasa kansa a Bakandamiya, ba zai ce salon baƙo ne a kunnen Bahaushe ba. Zambo da habaici da gugar zana, waɗanda yaran nan ke yi wa juna a waƙa su ɗauka daga Amurka suka koyo, kakanninsu sun ƙoshi da su. Ko sunan da muka laƙaba wa abin, gambara, na gida ne, kuma 'yan gambara na zamanin da, bakinsu ya fi na yaran yanzu rashin linzami. Don haka maganar baƙunta ba ta gamsar da ni ba.

Abin da yake baƙo shi ne hanyar cin abincin. A tsarinmu na gado, mawaƙi yana da ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗan Anace yana da Shago, makaɗan fada suna da sarakunansu, makaɗan noma suna da manoma, Shata yana da duk wani mai hannu da shuni da ya ga dama ya wasa. Ka yabi mutum, ya ba ka riga, ya ba ka doki, daga baya abin ya koma mota da kujerar Makka. Jama'ar da suka taru suna kallo ba su ne masu biya ba. Nasu sauraro ne da shewa, in abin ya motsa wani ya fito ya yi liƙi don a ambaci sunansa. Shi ya sa Hausa ta haɗa mawaƙi da maroƙi a kwando ɗaya, shi ya sa kuma ake jin daɗin waƙar amma ba a son ba wa mai ita aure. Wannan tsari bai mutu ba, riga kawai ya canza. Mawaƙin siyasa na yau yana da gwamna ko sanata. Mai nanaye yana da ango da amarya da masu shirya fim. Kowa da inuwar da yake fakewa.

Shi kuwa mai gambarar zamani, wa yake yabo? Kansa. Unguwarsu. Wahalar da ya sha. In ya fusata ya caccaki masu mulki. Babu attajirin da zai ba ka mota don ka ce kai ne zakin gari, babu ɗan siyasar da zai ba ka fili don ka ce asibiti babu magani. Irin wannan waƙa mutum ɗaya ne zai iya ɗaukar nauyinta, shi ne mai sauraro, da kuɗin tikitinsa da kuɗin sayen waƙarsa, sai kuma kamfanonin da ke bin taron jama'a da tallarsu. Abin da ya ɗaga Ice Prince ke nan. Ɗalibai sun sayi tikiti, kamfanonin waya da na abin sha sun biya kuɗin wasa, gidajen rediyo da talabijin na Legas sun yi ta juya shi. Kamfanin barasar da na ce a riƙe, ba zai taɓa shirya gasa a Bauchi ba, jihar da ke da dokar shari'a tun 2001, kuma ni ban nemi ya shirya ba. Tambayata ita ce, da muka rufe wannan ƙofa, wace muka buɗe? Ina kamfanin shinkafa ko na lemo ko na siminti da ya taɓa cewa ga gasar baitoci da Hausa tsantsa, babu batsa, ga kuma kuɗin da wanda ya ci zai ɗauka?

Mai sauraron namu kuma, Allah ya shirye mu, ni ma ina ciki. Mun saba waƙa kyauta ce kamar iska. Ka je wajen mai turi a bakin kasuwar Muda Lawal, ka miƙa 'yan canji, ya cika maka waya da waƙa ɗari. Mai turi ya samu na cefane, wanda ya kwana a situdiyo bai ga ko sisi ba. Daga nan ka tura wa abokinka, shi ma ya tura wa ƙanwarsa. Yanzu akwai YouTube da Audiomack da Boomplay, Spotify ma ta shigo Najeriya a 2021, amma abin da suke biyan mawaƙi ya danganta ne da talla da kuɗin rajistar wata-wata na ƙasar da ake saurarensa, mu kuwa masu rajistar ba su da yawa, ga tsadar data. Na taɓa raka wani abokina wasan mawaƙa a wani ɗakin taro a Yelwa. Waɗanda ke waje sun ninka na ciki, kowa ya ci ado, takalmin ƙafarsa ya fi kuɗin ƙofar sau goma, amma sun jingina da motoci suna jiran dare ya yi a saki ƙofa su shiga a banza. Haka aka yi kuwa. Da aka tashi, yaran da suka shirya wasan suna gefe suna haɗa kuɗin janareto.

Ba rashin gwanaye ne ya dame mu ba. Jihar nan ta fitar da ClassiQ da B.O.C Madaki, Kaduna tana da DJ AB, Borno ta ba da Morell, kuma tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 aka samu shirin da ke nuna su a gidajen mutane. Ka saurari yadda wasunsu ke murɗa Hausa, su ɗauko karin maganar da kakarka ce kawai ke faɗa su ɗora ta a kan kiɗa, sai ka ji harshen ya yi sabo a kunnenka. Wani abin da ke burge ni, da yawa cikin masu yi wa Hausa wannan hidima ba Hausawa ba ne a ƙabila. Mu a Bauchi wannan ba labari ba ne, Bajari da Basayi da Bafulatani da Bagere duk da Hausa muke ciniki da faɗa da neman aure. Amma a ce yaran da wasu ke yi wa kallon bare su ne ke kai harshen inda malaman jami'a ba su kai shi ba, abin a tsaya a duba ne.

Dubi maƙwabta. Dagrin ya nuna ana iya yin gambara da Yarabanci kafin ya rasu a hatsarin mota a 2010, Olamide ya ɗora daga nan har ya kafa kamfaninsa yana fito da wasu, Phyno ya yi haka da harshen Ibo daga Inugu. Masu jin Hausa, in aka haɗa da Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan, ba su gaza masu jin waɗannan harsuna ba. Bambancin shi ne nasu suna sa hannu a aljihu. Namu mawaƙin kuwa hanya uku ce a gabansa: ya tattara ya koma Legas ko Abuja ya rage Hausar, ko ya haƙura ya koma sana'ar hannu, ko kuma ya jira kakar zaɓe ya nemi ubangida. Wanda ya zaɓi ta ukun, shi ne za mu nuna da baki mu ce ka gani, dama duk maroƙa ne. Alhali mu muka tura shi.

Ba na cewa tsoron yayata banza ne. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, ita ce za a nuna a gidan biki. Kuma gaskiya akwai shara a harkar. Akwai yaran da ba su ɗauko komai daga Amurka ba sai ashar da zazzago wando, suna kirarin bindigar da ba su taɓa gani ba sai a hannun ɗan sanda. Akwai situdiyon da in ka shiga hayaƙin shisha ne zai tare ka. Mun ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018, mun san sara-suka a garin nan, Gombe ta san Kalare. Uwar da ta ga ɗanta yana dawowa gida ƙarfe 11 na dare tana da hujjar tayar da hankali. Hukuncin kiɗa a addini kuma na malamai ne, ba ni da hurumi a ciki. Abin da na sani shi ne, gidajen da ke korar yaro saboda gambara su ne ke ƙure waƙar siyasa mai zagin uban wani, su kuma ɗauko mai kiɗa ranar kamu. In don kiɗan ne, to a hana duka. In kuwa don abin da ake faɗa ne, sai a buɗe littafin a karanta kafin a yanke hukunci.

Ni na karanta. Akwai shirme a ciki, irin na ɗan shekara 19, ni ne wane ni ne wane. Amma akwai shafin da ya yi a kan mahaifinsa da ke zaryar neman kuɗin fansho, akwai na rashin wuta, akwai kuma inda ya ce sun ce masa ya dawo baɗi, baɗin ta zo ta same shi da sukundireba a hannu. Na daɗe ina kallon wannan layi. Ban san wani wuri da yaron nan ya taɓa faɗin abin da ke cinsa ba sai a wannan littafi.

Duk da haka ban ruɗe shi ba. Na gaya masa kallon kitse yake yi wa rogo in yana zaton kowa zai zama Ice Prince. A Jos ɗin ma, samari nawa ne suka fara tare da shi da yanzu ba wanda ya san sunansu? Shi kansa, tun da ya bar kamfanin a 2016 ya kafa nasa, a ganina bai sake taka tsaunin da ya taka tsakanin 2010 da 2013 ba. Kasuwar ta juya, kiɗan rawa ya danne na baitoci, sabbin yara sun taso. Shahara haya ce, ba gado ba. Na ce masa gyaran waya yana nan daram, jarabawa kuma zai sake zanawa, situdiyo sai Asabar da rana, kuma duk abin da ba zai iya rerawa a gaban uwarsa ba kada ya rubuta shi.

Sannan na tambaye shi nawa ake biya a ɗauki waƙa ɗaya. Ya faɗa, na ƙirga na ba shi. Ya karɓa hannu biyu, ya durƙusa, murna ta hana shi rufe baki.

"Kawu, wallahi sai na saka sunanka a ciki."

Na ce, "In ka saka, ka dawo mini da kuɗina. Ba yabo na saya ba, waƙar nake so in ji."

Yayata dai har yanzu ba ta sauko ba. Da na koma na yi mata bayani, ta saurare ni har na gama, ta ce ni ma dama tun ina yaro ba a raba ni da rediyo. Littafin yana cikin adakarta, ta ce sai ta ga sakamakon jarabawa. Shi kuma ya riga ya sayi wani, mai shuɗin bango, yana ajiye shi a shago.